Abin da Teku Ta Kasa Ci

Da asuba ruwa ya janye daga kwatar garinmu,
a gaɓar Gaspé, inda iska ke warin kifi da man jirgi.
Na sauka da injin huda, takalmin roba har gwiwa.
Onésime, mahaifina, yana bisa ya dogara sanda,
yana kallon 'yarsa za ta yi wa kankare tiyata.

Shi ya ɗaure rodin tsohuwar kwata,
ƙarfe kan ƙarfe, waya tana yanka masa yatsu.
Shekara ashirin da biyu ta yi a tsaye.
Gishiri ya bi ta tsaga kamar tsegumi,
ya iske ƙarfe har ɗaka, ya hure masa kunne.
Ƙarfe ya kumbura, ya zub da jan hawaye,
ya ture kankaren da ya rufa masa asiri.
Ranar da aka rushe ta, Baba bai ci abinci ba.

Sabuwar, babu ƙarfe cikinta ko na allura.
Zaren gilashi ne, ya fi gashin jariri siranta,
dubu kan dubu, an jera, an shayar da danƙo,
tsintsiya mai maɗauri tun daga kai har gindi.
Shida na saɓa a kafaɗa ranar da aka kawo su.
Baba ya ce, "Réjeanne, abin da bai sa ki nishi ba,
shi zai tare teku?"

Gishiri ya zagaya, bai ga wurin sa haƙori ba.
Amma kowa da nasa magabcin.
Cikin kankare akwai danshi mai kaifin kanwa,
shi ne bargon ƙarfe, shi ke kore masa tsatsa,
shi ne kuma mai lasar gilashi in danƙo ya buɗe ƙofa.
Kanwa uwar gami:
garkuwar wancan, ajalin wannan.

A ɗakin gwaji mun yi wa lokaci bulala.
Mun jiƙa sanduna a ruwan kanwa mai zafi,
digiri sittin, wata shida, wata tara,
muna lissafa kowane wata a matsayin shekaru.
Muka ja su har suka tarwatse kamar tauren rake,
muka zana layi, ya gangara zuwa shekara ɗari.
Sai dai tukunya ba teku ba ce,
kuma wanda aka tsufar da gaggawa ba dattijo ba ne.

Shi ya sa na zo in ji daga bakin mai ita.
Damina sha takwas, ƙanƙara sha takwas,
igiyar ruwa sau biyu kullum, ba ta taɓa fashi ba.
Injin ya yi ta kuka, farin ruwa yana tsiyaya,
curin kankare ya fito, sanyi ƙalau a tafina.
A tsakiyarsa ga idon sandar yana kallona,
fari tas, ba zobe, ba tabo, ba ɓaraka.
Na karce shi da farce. Bai ba ni komai ba.

Na miƙa wa Baba. Ya juya, ya shinshina,
ya ɗora harshe, kamar yadda yake wa ƙarfe a da.
Ya ce, "To, ba kanwar lasa ba ce, na yarda.
Amma nawa yana kuka kafin ya mutu,
yana lanƙwasa, yana ba mutane lokacin gudu.
Naku fa?"

Nawa ba ya lanƙwasa.
Ran da zai tafi, ba ya sallama.
Na san haka, mun ninka adadinsa saboda haka,
amma ban faɗa ba, don ba lissafi ya tambaye ni ba.

Na cike ramin da sabon kwaɓi, na shafe bakinsa,
na rubuta kwanan wata a jaka da baƙin alƙalami.
Gobe madubin ƙara girma zai faɗi nasa.
Nan da shekara ashirin wata za ta sauko nan,
wataƙila yanzu tana koyon tafiya,
ta huda taku ɗaya daga inda na huda.

Ruwa ya fara dawowa, ya taɓa idon sawuna.
Baba ya miƙo sandarsa, na kama, na hau.